Ina jagorantar taro, ana wani taron a gefe: yaya zan yi da su?

Ƴar Birni:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema, amma ku yi haƙuri sai na ɗan ja zancen, don in ban faɗi yadda wurin yake ba za ku ba ni maganin ciwon da ba shi ke damuna ba.

Wata biyar ke nan da aka ba ni riƙon wata ƙaramar likita a nan cikin Damagaram. Tsohon majo, wato shugaban likitar, ya yi ritaya, aka ce ni ce. Mu 14 ne in an haɗa da ungozoma biyu, da mai karɓar kuɗi, da masu shara, da mai gadi. Kowace Litinin muna ɗan zama kafin a fara ganin marasa lafiya, sannan ƙarshen wata mu yi babban zama na haɗa rapor. A ɗakin rigakafi muke yi, shi ne mai ɗan faɗi. Benci uku ne a jere, ni ina gaba da tebur da kaye, firigon allurai yana can lungu yana gurnani.

To da zarar na yi sallama na buɗe kaye, sai taro ya rabu uku. Akwai nawa. Akwai na ungozomomin nan biyu, su kullum a ƙarshen benci na biyu, kai haɗe, dariya cikin hijabi. Sai na bencin baya kusa da firigo, inda mai gadinmu yake zama da wani yaro ma'aikacin jinya. Wannan na ukun shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, saboda mai gadin nan ba mutumin da zan ɗaga wa murya ba ne. Ya fi shekara 25 a wurin. Abokin mahaifina ne, sahu ɗaya suke yi a masallaci tun ban san kaina ba. Baba nake ce masa. Ina faɗin jimla ɗaya zai karkata ya raɗa wa yaron wani abu, yaron ya mayar masa, haka har a tashi.

Na gwada buga bik a tebur. Na gwada "don Allah a saurara". Ran nan haƙurina ya ƙare na daka tsawa da Faransanci kamar mushe, wato malamin lakwal, a aji. Aka yi tsit, amma irin tsit ɗin da ba ka so. Sati guda cur gaisuwa ta koma "ina kwana Madam Majo", har waɗanda muka yi lakwal tare. Baba kuwa bai ce komai ba, ya dai daina kawo mini ruwan alwala da yake ajiye mini a buta ba tare da na roƙa ba.

Kuma abin ba na jin haushi kaɗai ba ne. Watan jiya mutum biyu suka zo aikin dare rana ɗaya, washegari ba kowa, kowa na cewa bai ji lokacin da aka raba ba. Ga damina tafe, a watan bakwai za a fara rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara ƴan wata 3 zuwa 59, gida-gida, kowane wata. In aka raba unguwanni kunnuwa suna wani wuri, yaran mutane za a tsallake.

Waɗanda suka daɗe suna riƙe da mutane, yaya kuke yi? Musamman in mai ƙus-ƙus ɗin ya haife ka.

Tsohon Mushe:

Wa alaikumus salam ƴata. Shekara 31 na yi ina koyarwa, 12 daga ciki ina darakta, daga ƙauyukan Magarya har na Tanut. Ajin yara 80 bai taɓa ba ni wahalar da zaman malamai 9 yake ba ni ba, don yaro kana iya ce masa ya fita.

Abu na farko, daina neman shiru da baki. Kin san hadisin huɗubar Juma'a, wanda ya ce wa na kusa da shi ya yi shiru alhali liman na huɗuba, shi ma ya yi yasasshen zance. Taronki ba huɗuba ba ne, amma hikimar tana nan: mai cewa a yi shiru ƙara hayaniya yake. Ni abin da nake yi, sai in tsaya a tsakiyar magana. Ba ƙarshen jimla ba, tsakiya, inda kunne ke jiran sauran. "Ranar Laraba wanda zai kwana shi ne..." sai in yi shiru in sunkuya ina duba kaye. Kada ki kalle su, kallon shi ne zagin. Muryarki ce bargon da suke lulluɓa da shi, in kin janye sai su ji kansu a fili. Ba a kai ƙirga goma a zuci.

Na biyu, benci a jere aji ne, kuma kowane aji yana da ƴan baya. Ki juya bencin su yi zobe, ke ma ki bar bayan tebur ki shigo ciki. Wanda kowa ke ganin bakinsa ba ya jin daɗin raɗa.

Game da dattijon, kada ki kuskura ki kira sunansa a gaban yara. Ki same shi a wurinsa, ke kaɗai, bayan la'asar.

Sai kuma wata tambaya wadda ba sai kin ba ni amsa a nan ba. Minti nawa kike yi kina magana kafin wani ya samu ya sa baki? Na taɓa sa mataimakina ya duba mini agogo a ɓoye. Ya ce minti 40 na yi ban ja numfashi ba. Ni da na rantse kwata na yi.

Ɗan Karkada:

Mushe, da girmamawa, wannan lallashin shi ya sa taronmu na ƙasar nan yake cin rabin yini. Yaya, ni ga yadda muke yi a kamfanin da nake aiki, mu 11 ne.

Salula duka cikin kwali a bakin ƙofa. Zaman safe a tsaye ake yi, minti 15, mutum in ƙafarsa ta gaji ba ya neman hira. Abin da za a tattauna ana tura shi ta WhatsApp tun dare, uku ne ba ƙari. Akwai farar takarda manne a bango, duk wanda wata magana ta taso masa wadda ba ta cikin ukun nan, ya tashi ya rubuta ta, a ƙarshe a duba. Wanda aka kama yana hirar gefe kuma tara ce, dala ashirin, kuɗin na shayi da sukari ne. Shugabanmu da kansa ya biya sau biyu.

Aiki aiki ne. Shekaru a bar su a ƙofa tare da takalmi. In Baba ya san ke ce majo, to ya san ke ce majo.

Gaskiya ɗaya dai zan faɗa, kwalin bai kashe hirar ba. Muna da wani zaure na WhatsApp wanda shugaba ba ya ciki, ana tashi daga taro ake buɗe shi.

Uwar Ƙungiya:

Ɗiyata ce take rubuta mini, ni faɗa nake. Ina riƙe da ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Mirya, mu 40 da ɗoriya, shekara 9 ke nan.

Yaron nan na Karkada, Allah ya shirye ka. A ci tarar abokin uba dala ashirin a gaban masu shara? Ranar nan za ta ji sallamar mahaifinta a waya. Mu ma muna cin tara, na makara da na fashin zubi, amma mu duka muka zauna muka yanka wa kanmu, kuma ba wadda take ɗaukar albashin wata. Tarar da shugaba ya ƙaƙaba daban, wadda tsara suka yarda da ita daban. Kuma takardarka ta bango, wanda bai iya rubutu ba fa?

Ɗiyata majo, ki duba ranar da kike zaman nan. Litinin da safe. Mutanen nan rabonsu da juna tun Juma'a. An yi suna, an yi rasuwa, wata famfon unguwarsu kwana huɗu bai kawo ruwa ba ta sha tsadar ƴan garuwa, ke kin san Damagaram da ruwa. Duk wannan yana cikin bakinsu suka shigo, ke kuma kika buɗe kaye. Gaisuwa bashi ce, in ba ki bari an biya ta a farko ba, za a biya ta a tsakiyar maganarki. Ni minti goma nake bari, a gaisa, a yi barka, a yi jaje, ni ma ina ciki. Sannan in ce a yi salati ga Annabi. Ba bakin da zai ci gaba da hira bayan wannan. Daga nan sai aiki. Kuma ba na sa zama ranar Alhamis, rabin matan hankalinsu yana kasuwar Damagaram.

Sannan ki nemi abokin wasa. Ni Bafulatana ce, cikin matan akwai Barebari. In wata tsohuwa ta cika surutu, wadda ba zan iya tsawata wa ba, sai in ce kai, Barebari dai ba a raba su da zance, a ba ta goro ta toshe bakin. A yi dariya, ta rama, a wuce. Abin da shugabanci bai isa ya faɗa ba, wasa yana faɗa. In Baban naki Babarbare ne, duba cikin ma'aikatanki ko da Bafillace.

Tsohon Mushe:

Hajiya ta yi gaskiya a kan wasan nan, ba ƙaramin abu ba ne, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wasan dangantaka na Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Sai dai a kula, daga bakin abokin wasa yake wasa. Daga bakin wanda ba shi da wannan hurumin, raini ne.

Na Bencin Baya:

Ku duka shugabanni ne kuke ba juna shawara. Bari ku ji daga bakin mai laifi. Ni direba ne a wani ofis, shekara 16, kuma ni ne mai raɗar nan da kuke magana.

Madam, tambaya ɗaya ba wanda ya yi miki. Da wane harshe kike taron?

Ni a aji shida na bar lakwal. Ina jin Faransancin hanya, na takardar mota da na jandarma. Amma in aka zauna aka fara zuba shi da sauri, ana jefa gajerun sunaye na haruffa, sai in koma kamar akuya a gaban talabijin. Ba zan ɗaga hannu gaban yaran da na girma da shekara 20 in ce ban gane ba. Sai in taɓa na kusa da ni in ce "me aka ce?" Ya gaya mini, kafin ya gama an wuce, in sake tambaya. Daga gaba abin da shugaba yake gani shi ne direba ya cika surutu. Alhali duk ɗakin ba wanda ya kai ni son ya ji.

Abin dariyar ma, ana tashi, shugaban da duk waɗanda suka yi ta Faransancin za su koma Hausa a bakin ƙofa, a nan ne ake yin taron gaskiya. Tun watan uku na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Turancin Ingilishi na aiki ne. Amma a ofis har yau mutum gani yake in ya jagoranci zama da Hausa kamar ya zubar da takardunsa.

Ban ce duk raɗa fassara ba ce. Wata hira ce tsagwaronta, na yarda. Wata kuma maganar da ta kamata a gaya wa shugaba ce, amma an san in an faɗa ba za ta yi daɗi ba, sai a gaya wa maƙwabci. Kafin ki nemi hanyar rufe bakin, ki fara sanin abin da ke fitowa daga cikinsa. Ruwa ba ya tsami banza.

Ƴar Birni:

Na dawo bayan sati uku, ku gafarce ni. Na karanta duka tun ranar, amma na ce ba zan amsa ba sai na gwada.

Malam direba, Allah ya saka maka. Da na karanta tambayarka sai da na ajiye salula na yi shiru. Da Faransanci nake yi. Ban taɓa zaɓa ba ma, haka na tarar tsohon majo yana yi, haka aka koya mana, takardun duka da shi suke. Kuma na san Baba bai yi lakwal ba, na sani tun ina yarinya. Ban dai taɓa haɗa biyun a kaina ba.

Na bi shawarar Mushe. Ranar Laraba bayan la'asar, mutane sun ragu, na sayi goro na dala arba'in na same shi a bakin ƙofa kan tabarmarsa, yana gyara tocilan. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda nake yi a gida, ba kamar majo ba. Na ce Baba na zo ban haƙuri kan tsawar ran nan. Ya daɗe yana juya goron a hannu. Sannan ya ce, "Ƴata, ai ba ki yi laifi ba, gidanki ne. Ni dai ba na jin abin da kuke faɗa, yaron nan ne yake taimakona. Majon da ya tafi ya sani, shi ya sa yake zaunar da mu tare."

Wato wurin zaman da nake ta shirin rabawa, da gangan aka haɗa shi.

Na ce to ranar da na yi tsawa me kuke cewa? Ya ce in zo in gani. Ya kai ni gun firigo, ya sa yatsa a gefen murfin, robar ta saki, tsinke zai shige. Ya ce in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke cikin dare, lambar da ke jikin ma'aunin tana hawa, ya sha ganin ta wuce 8, shi kuma tun tuni aka gaya masa kada ta wuce 8. Ba ya karatu amma ya san lamba. Allurar rigakafi tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye ta, kowa a aikinmu ya san wannan. Mu kuma takardar ma'auni safe da yamma muke cika ta, lokacin da wuta ta dawo firigo ya huce, saboda haka a takarda komai lafiya lau. A daidai lokacin da nake karanta wa taro cewa sanyin allurai ba matsala, yaron ya fassara masa, shi kuma yana ce masa "gaya mata ba haka ba ne". Yaron ya ji nauyi. Ni kuma na daka tsawa.

Ban yi barci sosai ba daren. Washegari na sanar da na sama da ni, aka zo aka duba alluran, aka kwashe su zuwa wani wurin kafin a gyara.

Yanzu zaman Litinin da Hausa nake yi, rapor kawai ake rubutawa da Faransanci. Kada ku ɗauka abin da sauƙi. Ni haifaffiyar Birni, kakata ba ta san kalmar Faransanci ko ɗaya ba, amma ranar farko sai ga ni ina in-ina. Yaya ake faɗin adadin yaran da aka yi wa allura in an gwada da waɗanda ya kamata a yi wa? Na tsaya ina lalube, sai ɗaya daga cikin masu shara, wadda ban taɓa jin muryarta a taro ba, ta ce, "Cikin yara goma, nawa aka samu?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Tun ranar haka muke faɗa. Mun juya bencin kamar yadda Mushe ya ce. Minti goman Hajiya ma na ɗauka, sai dai nakan ga yana son ya zama ashirin, dole ina kallon agogo. Abokin wasa ban samu ba, Baba Bahaushe ne, kuma ban ga wanda zai taɓa shi ba. Daga wajen Ɗan Karkada na ɗauki abu uku kacal a kowane zama, da karanta rabon aikin dare a ƙarshe kowa ya amsa sunansa da bakinsa. Tara da kwali na bar maka, ƙanena.

Saura ungozomomin. Su ba fassara suke yi ba, sun fi ni Faransanci. Na gwada tsayawa a tsakiyar jimla, ya yi aiki sau biyu, na uku sai suka yi shirun tare da ni suna kallona, har ni na fara jin kunya na ci gaba. Na samu ƙaramar ita kaɗai, ta ce ba komai, hira ce. Amma na ji a bakin wani cewa babbar, wadda ta riga ni fara aiki da shekara 7, ta sa rai ita za a ba riƙon wurin. In haka ne, ba juya benci ne zai gyara ba.

Na yi tunanin in ba ta jagorancin zaman rabon unguwanni na watan bakwai gaba ɗaya, ni in zauna a benci. Ta fi ni sanin gidajen, matan unguwa ita suka sani. Abin da ke hana ni, ban sani ba ko za ta ɗauke shi girmamawa ko kuwa ta ce na ji tsoronta. Hajiya, ke da kika riƙe mata 40, wanne kika gani?

Butar alwala dai ta dawo, jiya na tarar da ita cike a bakin ofis.